Yini Guda a Ƙasa Cikin Tsohon Birnin Katsina

Tsohon birnin Katsina, wato abin da ganuwa ta kewaye tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri, an tsara shi ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki da mai doki. Lungunansa na lanƙwasa suna bin katangun gidaje, wani ya fito da mutum fili, wani ya kai shi ƙofar zaure ya tsaya cik. Wanda ya ratsa garin a mota manyan tituna kaɗai zai gani, da shaguna da allunan talla irin na kowane gari. Mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yakan zo Katsina sau da yawa a rayuwarsa, tun da garin ya zama hedikwatar jiha a 1987: ya zo sakatariya bin takarda, ya kawo mara lafiya asibiti, ya rako maniyyaci sansanin alhazai, ya kawo ɗa makaranta. Da ya gama abin da ya kawo shi sai ya nufi tasha yana duban rana. Ba abin mamaki ba ne a sami dattijon da ya zo sau ashirin amma bai taɓa tsayawa gindin hasumiyar Gobarau ba. A manyan biranen Turai baƙi kan biya ɗan jagora kuɗi don kawai ya zaga da su tsofaffin unguwanni a ƙasa, kuma a birnin Benis na Italiya mota ba ta ma shiga tsakiyar gari. Katsina na da abin gani irin wannan, sai dai ba a kafa masa alluna ba, don haka mai yawo shi ke tsara wa kansa yininsa.

Farkon abin da ake zaɓa shi ne lokaci. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato watan Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin yawo. Safiya da sanyi, rana ba ta cizo sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, illa dai hazo kan rufe nesa a wasu ranaku har a kasa hango gefen gari daga sama. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ba ta yawo ba ce. Zafi kan haura digiri 40, kuma Katsina ta fi ƙasar Funtuwa bushewa da ƙarancin inuwa, abin da mutumin kudancin jihar ba ya ganewa sai ya taka. Da damina gari kan yi kyau, amma kududdufai na cika, wasu lunguna su koma taɓo. A cikin mako kuwa, Talata zuwa Alhamis sun fi dacewa, saboda masu kula da wuraren tarihi suna bakin aiki. Jumma'a tsakiyar gari na cika tun kafin azahar. Ranakun Sallah kallo ne na daban: hawa, dawaki, bindiga, turmutsutsu. Wanda ya zo ganin hawa ya zo daidai, amma yawon natsuwa ba ya yiwuwa a ranar.

Sai hanya. Daga Funtuwa zuwa Katsina kusan kilomita 200 ne, ta Bakori da Malumfashi a faɗa titin Kano a bi ta Kankiya da Charanci a shiga ta Ƙofar Ƙaura. Mutumin Sabuwa sai ya fara fitowa ta Ɗandume zuwa Funtuwa, na Faskari ya fito ta Sheme. Daga Ƙanƙara akwai hanyar Dutsin-Ma, wadda ke shiga ta Ƙofar Ƙwaya, akwai kuma ta Malumfashi. Wadda za a bi ba a yanke ta a gida. Direbobin tasha ake tambaya da safen nan, su suka san inda ke da lafiya da inda ba shi, kuma halin rashin tsaron da yankin ya shiga a shekarun nan ya koya wa kowa cewa tafiya da rana ake yin ta. Wannan ya sa yinin yawo ke cin kwana biyu a gari: a iso yau da la'asar, a kwana wurin ɗan'uwa ko masauki, gobe a yi yawo, jibi da hantsi a kama hanya. Wanda ya ce zai taso da asuba ya zaga birni ya koma a yini ɗaya, rabin hankalinsa na tasha, kuma abin da zai gani bai kai kuɗin motarsa ba.

Kayan yawo kaɗan ne. Takalmin da ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba, kuma mai sauƙin cirewa, domin za a tuɓe shi a masallaci da zaure sau da yawa. Tufa mai sauƙi mai mutunci, hula ga namiji, mayafi ko hijabi ga mace; malfa ba abin kunya ba ce. Gorar ruwa, da canji ƙanana a aljihu na gaba don sadaka da ɗan abin goro ga masu buɗe ƙofa, da katin shaida. A cika cajin waya tun dare. Taswirar cikin waya tana nuna manyan tituna daidai, amma a cikin lungu takan rikice, ta nuna hanya inda katanga take. A nan baki ya fi ta.

Yinin kansa rana da salla ke raba shi. Daga bakwai na safe zuwa sha ɗaya da rabi shi ne babban zango, a nan ake yin tafiya mai nisa da hawa sama. Daga nan zuwa la'asar hutu ne, da salla da abinci da zama a inuwa. Bayan la'asar sai ƙaramin zango zuwa magariba. Wurare kaɗan sun isa. Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne jera sunaye goma a takarda, ya yi ta sauri daga wannan zuwa wancan, ya koma gida da hotuna cike da waya ba tare da ya san abin da ya ɗauka ba.

Ana farawa daga ƙofa, bayan an karya da koko da ƙosai ko waina a bakin titi. Ƙofofin ganuwa da aka fi sani bakwai ne, kuma kowacce na fuskantar wata ƙasa: Ƙaura hanyar Kano, Ƙwaya hanyar Dutsin-Ma, 'Yanɗaka hanyar Batsari, Sauri hanyar Kaita, Durɓi hanyar Daura, Marusa hanyar Mani, sai Guga a arewa maso yamma. Yawancinsu an sake su da siminti, an faɗaɗa don mota, har an yi gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, saboda haka kada baƙo ya sa ran ganin ƙyauren da ake rufewa da magariba a zamanin da. Sunan da wurin su ne suka rage, kuma sun isa a tsaya. Ta Ƙofar 'Yanɗaka Baturen mulkin mallaka Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903, garin bai yi yaƙi ba. Ta Ƙofar Guga ake cewa sarakunan Haɓe suka fice bayan da Malam Ummarun Dallaje, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu, ya ci birnin a 1807. Zuriyarsu ce ta je ta kafa Maraɗi, inda har yau mai sarautar ke amsa sunan Sarkin Katsina. Ita ganuwar kuwa, baƙon nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya ƙiyasta kewayenta mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20. A lokacin ma ya tarar mutane sun tattaru a sashe ɗaya, sauran cikin ganuwar gonaki ne da kangaye. Yau an cinye mafi yawanta da gine-gine da ɗibar ƙasa. Inda ta saura, tudu ne na jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, yara na sulu a kansa, awaki na kwance a gindinsa. Wanda bai sani ba zai wuce ya ɗauka juji ne. A tsaya a dubi kaurin gindin, a ƙiyasta yawan kwandunan ƙasa da aka ɗauka a ka kafin a tara shi. Minti goma sun isa. Zagaye ganuwar duka ba aikin wannan yini ba ne.

Daga Ƙofar Ƙaura titin IBB ya miƙe zuwa tsakiyar gari. Mai ƙarfi ya taka, mai rauni ko mai yara ya hau Keke Napep, wadda Katsinawa ke kira kurkura, a sauke shi Ƙofar Soro. Babu laifi a yi hakan: titin na zamani ne, bankuna da shaguna, kuma ƙarfin ƙafa ya fi amfani a gaba.

Ƙofar Soro ita ce mashigar fada, gabanta kuma Filin Kangiwa, inda hakimai ke kawo jafi ranar hawa. Mutumin kudu yana da rabo a wannan fili, domin nan Sarkin Pauwa na Ƙanƙara da Sarkin Yamma na Faskari da Kogo na Sabuwa ke zuwa da dawakansu gaishe da Sarki. Yana da rabo ma wanda ya fi wannan tsufa. Ana kiran fadar Gidan Korau, da sunan Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarki Musulmi na farko a Katsina, kuma labari ya tabbata a bakin mutane cewa daga 'Yandoto ya fito, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, maƙwabtan Faskari da Ƙanƙara. A cewar labarin, shi ne ya kayar da sarkin lokacin, Sanau, a kokawa ya karɓi sarauta, kuma gajeren takobin da ake dangantawa da wannan rana, Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har yanzu, tare da wani takobin da ake kira Bebe da kuma Gwauron Tambari. Ba a fito da su don baƙo ya gani. A san dai suna ciki. Gidan da ke mulki yanzu na Sulluɓawa ne, ya fara da Muhammadu Dikko, wanda yake Durɓi kafin Turawa su naɗa shi a 1906. Ya yi sarauta har 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman.

Fada gida ce da ake zaune a ciki ana kuma shari'a, saboda haka ladabinta daban. Baƙo ya nufi dogaran da ke bakin ƙofa, ya yi sallama, ya rusuna kaɗan, ya ce: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Faskari, mun zo ganin gari. Ina ne iyakar inda za mu iya tsayawa?" Wannan tambaya ta fi neman izinin shiga kai tsaye, domin ta bar wa dogari girmansa, kuma sau da yawa shi da kansa zai ƙara taku biyu a kan abin da aka roƙa. Abin da ya ce shi ke nan, ba a ja. In an yi sa'a ana zaman fada, a tsaya gefe a kalli yadda hakimai ke sauka, yadda ake tuɓe takalmi tun daga nesa, yadda fadawa ke amsa gaisuwa a madadin Sarki. Babban masallacin Jumma'a na nan kusa.

Daga fada zuwa Gobarau tafiyar 'yan mintuna ce ta cikin unguwa, kuma ya kamata a isa kafin tara, rana ba ta yi ƙarfi ba. Hasumiyar ta ƙasa ce zalla, tsawonta kamar ƙafa 50, wato mita 15, mai faɗin gindi, tana tsukewa hawa-hawa zuwa sama. Ita ce abin da ya rage na babban masallacin da ake dangantawa da zamanin Korau, wanda yawancin masana ke sanyawa a ƙarni na 15. Ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu Magili ya zo ƙasar Hausa ya zauna a Kano da Katsina, kuma a lokacin ne Imamu Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda sunan garin ya kai. Masallacin ya yi ƙarnuka yana zaman masallacin Jumma'a da makaranta, hasumiyar kuma wurin kiran salla ce da hangen mahara. Bayan jihadi Ummarun Dallaje ya gina sabon masallaci, aka bar Gobarau ta fara zubewa, sai a zamanin Dikko aka tashe ta aka gyara. Ke nan abin da ake gani yau hannun magina da yawa ne a kan tsohon tushe, kuma haka ginin ƙasa yake ko'ina: hasumiyar Agadas, mai mita 27, an gina ta a 1515 aka sake ta a 1844. Ginin ƙasa da ba a yi wa yaɓe ba damina biyu ke fara cinye shi.

Akwai labarin da mai kula da wurin ko wani dattijon unguwa zai bayar ko ba a tambaya ba: wai malamai sun yi gardama kan alƙibla lokacin ginin, har wani waliyyi, Malam Jodoma, ya nuna da sandarsa aka hango Ka'aba ƙiri-ƙiri. A saurara har ƙarshe. Ba wurin gardamar tarihi ba ne, kuma yadda ake ba da labarin, da inda mai bayarwa ke sassauta murya, yana cikin abin da aka zo ji.

In an buɗe, a hau. Matakalar ƙuntatacciya ce, tsayin matakan bai daidaita ba, wasu sun lotsa a tsakiya saboda sawu. Ana hawa ɗaya bayan ɗaya, hannu na dafe da bango, mai babbar riga ya tattare ta a kafaɗa, yaro kuma a sa shi gaba wajen hawa, a sa shi baya wajen sauka. Mai jiri ko ciwon gwiwa ya tsaya a hawan farko, bai yi asara ba. Daga sama ake gane tsarin garin: rufin kwano mai tsatsa da sabo mai ƙyalli, sauran soraye na ƙasa a tsakaninsu, kan itatuwan darbejiya, hasumiyoyin masallatan zamani da yanzu suka fi Gobarau tsawo, da tsakar gidajen mutane. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ba a ɗaga waya a yi ta ɗaukar ƙasa barkatai. A ɗauki nesa, a kau da kai daga kusa. Da aka sauko a ba mai mabuɗi abin goro gwargwadon hali.

Sa'a biyu da suka rage kafin rana ta take na lunguna ne, kuma a nan yawon yake da daɗi. Sunayen unguwanni kansu littafi ne. Masanawa unguwar Wali Ɗanmasani ce da zuriyarsa. Marina ta masu rini ce, Tsohuwar Kasuwa ta faɗi abin da take, Sararin Kuka da Rafindaɗi sun ajiye sunan itace da ruwan da gini ya rufe, Sulluɓawa da Gambarawa sun nuna mutanen da suka fara sauka, Galadunci ta Galadima ce, Unguwar Alƙali ta masu shari'a. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna yadda garin ya ginu da baƙi, Wangarawa da Barebari da Buzaye da Larabawa da Nufawa, kowa da fatauci ko ilmin da ya kawo shi. Mai yawo ya riƙa tambayar sunan duk unguwar da ya shiga, ya kuma tambayi dalilin sunan.

Sai a koyi duban gini. Tsohon gidan birni da tubali ake yin sa, wato curin ƙasa mai kama da ƙwai da aka shanya a rana, a jera shi tsaye a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ramno. Bangon na da kauri a ƙasa yana sirancewa sama, shi ya sa zaure ke da sanyi da tsakar rana alhali ɗakin bulo da kwano na gefensa ya zama tanda. Rufin da azara ake yi, tsagin giginya, wadda gara ba ta ci. Da yake azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a dasa azara a bango, a riƙa ɗaure wata a kan wata tana lanƙwasowa har ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Inda bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi shi ne ɗaurin guga, kuma sau da yawa akan manna tasa ko faranti a wurin. Duk zauren da aka ba baƙo izinin shiga, ya ɗaga kai kafin ya zauna. A waje kuma a duba zankwaye a kusurwoyin soro, da indararo mai zubar da ruwan rufi nesa da bango, da launin yaɓe: mai duhu-duhu ja makuba ce, daga kwasfar ɗorawa, mai toka-toka kuma katsi ne, daga gindin karofin marina. Irin waɗannan gidaje na raguwa kowace shekara, magada na rushewa suna sa bulo, kuma ba a ga laifinsu ba tunda yaɓen shekara-shekara kuɗi ne. Wanda aka tarar a tsaye a ba shi lokacinsa.

Cikin lungu gaisuwa ce tikiti. Ba a wuce dattawa a dakali ba sallama. "Salamu alaikum, Baba, barkanku da hutawa" ta isa, in malami ne da allo ko littafi a gabansa a ce "Allah gafarta Malam", tsohuwa mai tallar ƙuli a ce "Inna, sannu da rana". Tambayar hanya bayan gaisuwa take zuwa, ba kafinta ba. Za a tambayi baƙo daga ina, in ya ce Sabuwa sai a tambaye shi damina da lafiyar gari, wataƙila a haɗa shi da yaro ya raka shi. Ba banza ake ce wa garin ɗakin kara ba, sai dai kara ana rama ta: yaron a sallame shi da ɗan wani abu, ruwan da aka kawo a kurɓa ko ba a jin ƙishi. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Mace kuwa tana da damar da namiji ba shi da ita, domin da sallama ɗaya za ta shiga har tsakar gida ta ga masu saƙar hula da masu dakan fura. Ba a ɗaukar hoton mutum, musamman mace ko almajirai a makarantar allo, sai an tambaya.

Da rana ta take sai a nemi masallaci mai inuwa, a yi alwala, a jira azahar. Bayan salla a ci abinci mara nauyi. Fura da nono ita ce ta mai yawo, tana kashe ƙishi tana riƙe ciki. Ɗanwake ko dambu ko kwaɗon zogale ma sun yi. Tuwo da rana kan saukar da kasala, zangon yamma ya lalace. Daga nan a zauna. Zaman na cikin shirin, ba ɓata lokaci ba ne: a tuɓe takalmi, a miƙe ƙafa, a saurari hirar masu jiran la'asar.

Wuri ɗaya ne ya cancanci a katse hutun dominsa, saboda ma'aikata na tashi da yamma: tsohuwar Kwalejin Katsina a Rafukka, wajen Ƙofar Sauri. A hau kurkura zuwa can. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, don horar da malaman makaranta daga dukan lardunan Arewa. Ginin ƙasa ne na magina Hausawa, dogayen azuzuwa masu kaurin bango da ƙananan tagogi, yanzu yana cikin wuraren tarihi na ƙasa. A waɗannan ɗakuna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, haka Abubakar Imam da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Abin da ke kama mai kallo shi ne ƙanƙantar wurin: 'yan azuzuwan da ba su kai na firamaren ƙauye ta yau ba, amma daga cikinsu Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya suka fito. In da ɗalibi cikin tafiyar, nan ne za a daɗe. A nemi ma'aikacin da ke zagayawa da baƙi, a sa hannu a littafinsu.

Bayan la'asar zaɓi biyu ne, ba a haɗa su. Mai son ziyara ya nufi maƙabartun da ke ɗauke da sunayen waliyyan gari. Ɗantakum, malamin da ya yi alƙalanci a Katsina a farkon ƙarni na 16, da Ɗanmasani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, da Ɗanmarna na zamaninsa, su ne ukun da kowane Bakatsine ya sani. Daga wannan gari ne kuma Muhammadu al-Katsinawi ya fita, masanin lissafi da ya yi rubutu kan hatimai a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741. A maƙabartar Ɗanmarna aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Ana shiga da sallamar da aka koyar, a yi addu'a, a bi tsakanin kaburbura ba a taka ba, a fita; ba wurin hoto ba ne, kuma mata bisa al'adar gari ba sa shiga. Mai son kasuwa kuwa ya nufi babbar kasuwa ta wajen Ƙofar Ƙwaya ko 'Yar Kutungu, ya yi tsaraba: hula, turare, kilishi, takalmin fata. Tsaraba a ƙarshen yini ake yin ta don kada a yini da kaya a hannu. In an ji ana wasan folo a filinsa a ranar, ya fi duka biyun ga mai son doki. Dikko ne ya kawo wasan garin, Nagogo kuma ya yi suna a kansa har ƙetare.

Durɓi-ta-kusheyi, inda kaburburan sarakunan farko suke a ƙasar Mani, da rijiyar Kusugu a Daura, duk na mota ne da wata ranar daban. Da an kira magariba a yi salla a masallacin da ya fi kusa, a sayi tsire ko balangu a bakin titi, a koma masauki kafin isha, tunda lungun da aka bi da rana kan sauya kama da dare. Kafin a kwanta a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a kira gida a ji labarin hanya. Da safe a je tasha bayan gari ya waye sosai, a shiga motar da ta kusa cika, yadda mai zuwa Sabuwa zai sauka Funtuwa ya sami ta Ɗandume tun rana na sama.